Jarrabawar Cikin Ɗaki: Musayar Baitoci

A watan Maris na 2020 korona ta sa aka rufe makarantu a Najeriya. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki har Disamba, amma mu da ke jami'a mai zaman kanta aka mayar da mu karatu ta Zoom. Ga abin da ya daɗe yana ci mini rai. Mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Ɗalibin Aji Uku:

Da sunan Allah nake farawa,
Zan faɗi laifin da nake ɓoyewa.
Shekarar korona an kulle ƙofa,
A ɗakinmu na zauna jarrabawa.
Kyamara tana kallon fuskata,
Waya a kan cinya ina leƙawa.
Amsa ta sauka a zaurenmu na WhatsApp,
Ɗaya zuwa arba'in ina kwafewa.
Na ci A, Baba ya yanka zakara,
Naman ya tsaya, na kasa haɗiyewa.

'Yar Ajinsu:

Ɗan'uwa, ashe kana cikinsu!
Mu ranar ba wuta tun gari na wayewa.
Na hau bene ina farautar sabis,
Datar da Inna ta saya tana ƙarewa.
Amsar nan ta shigo wayata ni ma,
Na kife ta, hannuna yana karkarwa.
C na samu, na sha kuka a ɗaki,
Ku kuna murna, ni ina sharewa.

Malamin Lissafi:

Ɗana, kar ka zaci ba mu gane ba,
Mai gyaran takarda yana lura da kowa.
Takardu da yawa, kuskure iri guda,
Ko ɗigo babu wurin bambantawa.
Mu ma da namu laifin, ban ɓoye ba,
Canki-canka muka ba ku don saurin makawa.
Fuskoki cike da allo kamar ƙwayar gero,
Ido biyu ina zai iya tsarewa?
Ka tuna Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi,
Ya wuce tulin abinci a kasuwa.
Ya sa hannu ciki ya ji danshi,
Busasshe a sama don jan mai sayewa.
Ya ce mai algus ba ya tare da shi,
Muslim ya ruwaito, ba ƙagawa.
'Yata, C ɗinki busasshiya ce har ƙasa,
Ni ita nake alfaharin nunawa.

Ɗalibin Aji Uku:

Malam, jikina ya yi sanyi.
Yanzu wurin aiki in an ba ni lissafi,
Gumi nake, ina neman wurin ɓuya da tserewa.
Ƙanwata, ki yafe mini kukanki.
Malam, ta ina ake gyarawa?

Malamin Lissafi:

Istigfari tukuna, sannan ka zo Asabar,
Da biro da takarda, wayar a bar ta a aljihun kowa.
Babin farko za mu koma.

'Yar Ajinsu:

Na yafe. Littafina na nan a akwati,
Asabar zan kawo, ka yi ta karantawa.