Jarumi ya koma tsohon rol ɗinsa, me za mu kira abin da Hausa?

Jama'a ku taya ni neman Hausar comeback, wato jarumi ya dawo ya sake hawa rol ɗin da duniya ta san shi da shi bayan shekaru sun ja.

Rambo ne ya jawo maganar. Jiya na sake kallon fim ɗinsa Last Blood na 2019, wallahi har yanzu raina ba daɗi. Mu da muka taso muna kallon Stallone, jarumin da ke fitowa a Rambo, a kaset tun First Blood na 1982 har na uku na 1988 da ya shiga Afganistan, gashi har kafaɗa, ƙyalle ɗaure a goshi, sai ga shi da shekara 73 an rage gashin ba ƙyallen, yana kiwon dawaki a gonar mahaifinsa a Arizona, labarin ma ya koma faɗa da masu safarar mata a Meziko. Kuma ba tsufan ne ya dame ni ba fa, tsufa ai ba laifi ba ne. Rambon farko soja ne da ya dawo daga yaƙin Biyetnam mutanen ƙasarsa suka wulaƙanta shi, a ƙarshen fim har kuka ya yi, kai mai kallo kana jin ciwon a ranka. Na 2019 kuwa kisa ne kawai. David Morrell da ya rubuta littafin da aka samo labarin Rambo daga ciki a 1972 shi ma ya fito ya ce kunyar fim ɗin yake ji.

Wani ya ce min "dawowa" mana. A'a, wanda ya je kasuwa ma dawowa yake. Maimai kuma ya fi kama da tasha ta sake saka tsohon fim. Ɗumame ya so ya zauna min, amma ɗumame tuwon jiya ne dai bai canza ba, wasu ma sun fi son shi da sabon tuƙi, to ina takaicin a ciki?

Ni kome na zaɓa. Mace in ta koma gidan mijin da suka rabu ai cewa ake ta yi kome, gidan ne dai, ɗakin ne dai, amma ba lallai ta tarar da zaman yadda ta bar shi ba. Kuma kalmar ba ta yanke hukunci, kome yakan yi albarka, ku duba Sunny Deol da ya koma rol ɗin Tara Singh a fim ɗin Gadar 2 a 2023, shekara 22 bayan na farko, Indiyawa suka cika silima.

In kuma ya fito irin na Rambo sai mu ce komen lami, kamar miyar da ba gishiri ba daddawa. Shi zan riƙa rubutawa, sai dai in mutanen Sakkwato ko Damagaram kuna da wadda ta fi ta zama a baki, ku kawo mu ji.