Tsutsar baƙin ƙuda da rigimar "kyauta"

Mai Kaji: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau raina ya ɓaci. Wani mai sayar da abincin kaji ya ce wai na koma kiwon ƙazanta, don ina kiwon tsutsar baƙin ƙudan soja a kan ragowar gona, ina ciyar da kaji da ita. Ƙudan nan ba ya cizo, ba ya bin kwanon mutane kamar ƙudan gida. Macen na zuba ƙwai kusan 500, mako biyu zuwa uku tsutsa ta isa kwashewa, in ta bushe furotin ɗinta na kai wajen kashi 40 cikin 100. Abinci kyauta, amma ana zagin mutum!

Baban Gona: Kyauta? Malam, janye kalmar nan. Kwandunan, ragar da za ka tsare ƙudan, ɗauko sharar, shanyawa, duk wa ke biya?

Hajiya: Gaskiya ne Alhaji. Mai Kaji, guminka ma kuɗi ne.

Mai Kaji: Hajiya, ɓawon kayan lambu da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da ake zubarwa nake nufi. Wa ya taɓa sayar mini da su?

Baban Gona: Ranar da masu zubarwa suka gane kana samu, za su sa musu farashi. Sai mu ga kyautar.

Ɗalibi: Ranku ya daɗe, ni ba kuɗin ne ya dame ni ba. Tsutsar na da kitse sosai, shi ya sa ake maye wani kaso na waken suya ko garin kifi da ita, ba a mai da ita abinci gaba ɗaya. Tarayyar Turai ta halatta ta a abincin kaji a 2021, amma ta hana kiwonta a kan kashin dabbobi.

Hajiya: Yaro, kana da kaza ko ɗaya?

Ɗalibi: Hajiya, rashin kaza bai ƙaryata abin da na faɗa ba.

Mai Tsaki: Ku bar yaron. Alhaji, ai kowa ya san ƙaninka dillalin abincin kaji ne. Shi ya sa kalmar ta sosa maka rai.

Baban Gona: Me ya kawo ƙanina cikin maganar nan? Kai da ka karɓi 'yan tsaki bashi, ka biya tukuna.

Mai Tsaki: Na biya, akwai shaidu.

Mai Kaji: Jama'a, ni zagin da aka yi mini na kawo.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta: Mai Kaji ya zo da hujja, Ɗalibi ma ya goyi bayansa, sauran kuwa kare kasuwarsu suke yi. Ni kaina ina ba kajina tsutsar, takin da take bari ma ya wadatar da lambuna. Maganar bashi a kai ta gefe. Na rufe zaure sai gobe.