Makwakkwafi ɗaya ne ko biyu ke zuwa bayan gidana?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ku raba mu gardama da maigida. Tun shigowar sanyi na rataye kejin kitse, wato ɗan kejin da ake saka wa tsuntsaye kitse su ci, a bishiyar bayan gida, makwakkwafi kuwa ya samu wurin zuwa. Baƙi da fari ne, farin zane a tsakiyar baya, fukafukai da ɗigo-ɗigo, wata rana da ɗan ja a ƙeya, wata rana babu. Ni na ce iri biyu ne, don wani lokaci sai in ga kamar ya ƙara girma. Shi ya ce ɗaya ne, idona ke yaudarata. Yaran ma sun rabu, kowa ya kama ɓangare.

Malam Mai Tabarau: Wa alaikumus salam. Kafin a yanke hukunci, a wace nahiya kike? Masu wannan rigar suna da yawa, kowace ƙasa da nata.

Maman Biyu: Amurka ta Arewa, Malam.

Malam Mai Tabarau: To, magana ta zo da sauƙi. Biyu ne ke rikita mutane a can, a littafi za ki gan su da sunan Downy da Hairy. Na farko shi ne mafi ƙanƙanta cikin makwakkwafan nahiyar, tsawonsa santimita 14 zuwa 17, nauyinsa bai kai giram 30 ba. Na biyu yana kai santimita 18 zuwa 26, nauyi kuwa ninki biyu ko uku. Amma kada ki dogara da girma, tsuntsu shi kaɗai a jikin itace ba shi da abin gwadawa, in ya kumbura gashi saboda sanyi sai ƙarami ya koma miki babba. Baki za ki duba. Ki jira ya juya miki gefe, ki gwada tsawon bakin da tsawon kansa, daga gindin baki zuwa ƙeya. Na ƙaramin ɗan tsito ne kamar ƙaya, bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kan ba, ga wani tulin gashi a gindinsa da ke ƙara ɓoye shi. Na babban kuwa kamar ƙusa, ya kusa kai tsawon kan gaba ɗaya. Mu a nan zaure guntun baki da dogon baki muke ce musu.

Autan Zaure: Anti, ki huta da wahala, ki sauke Merlin, manhajar gane tsuntsaye, a wayarki. Kyauta ne, na jami'ar Cornell. Ki ɗauki hoto ko ki kunna masa kukan tsuntsun, ya faɗa miki suna nan take.

Kawu Mai Littafi: Auta kenan, komai waya. Ba na raina manhajar nan, ni ma tana wayata, amma hoton da aka ɗauka ta bayan gilashin taga, tsuntsu ya ba da baya, me za ta gani a ciki? Abin da ka ba ta shi za ta auna. 'Yata, ga dabarar da ta fisshe ni. Ɗauki rula ki auna kejin kitsen nan naki, ki riƙe tsawonsa a ka. Daga ranar kin samu ma'auni a rataye. Guntun baki in ya maƙale, shi da kejin kusan kai ɗaya suke. Dogon baki kuwa sai kai ya leƙo ta sama, wutsiya ta zarce ta ƙasa, har ki ga kejin na lilo in ya sauka.

Na faɗi haka ne don na sha kunya. Sanyi guda cur ina rubuta dogon baki a littafina, kullum da safe, har ina yi wa abokai alfahari. Ranar da na ainihin ya zo ya kori nawa daga keji, na ga bakin nan kamar kurfi, sai na koma na bi shafi-shafi ina sokewa. Ashe duk guntun baki nake ta lissafawa.

Autan Zaure: Kawu ai da ka tambayi waya tun farko.

Kawu Mai Littafi: Lokacin ko wayar kirki ba ka mallaka ba, yaro.

Hajiya Mai Lambu: Ni wutsiya nake dubawa. Gashin gefe na wutsiyar duka biyun fari ne, amma na guntun baki akwai 'yan ɗigon baƙi biyu ko uku a jiki, na dogon baki fari fat. Sai dai fa ba kullum ake gani ba, sai ya baza ta ya dogara da ita a jikin itace, ko kina kallonsa ta ƙasa. Kuma wasu dogayen bakin na gaɓar yamma maso arewa su ma suna da ɗan ɗigo, don haka shaida ce ta biyu, ba ta farko ba. Akwai kuma wani baƙin zane kamar waƙafi da ke gangarowa daga kafaɗa zuwa gefen ƙirji, ya fi fitowa sosai a jikin dogon baki.

Maman Biyu: To jan ƙeyar fa, Hajiya? Shi ne ya fi ɗaure min kai. Na ɗauka mai ja iri ɗaya ne, marar ja wani iri.

Hajiya Mai Lambu: A'a ƙanwata, wannan ba ya raba iri, jinsi yake rabawa. Mai ja a ƙeya namiji ne, marar ja mace, a dukansu biyun. Kin ga ke nan tsuntsu huɗu na iya zuwa kejinki kina ce musu biyu. In damina ta yi kuma, wato lokacin zafinsu na can, za ki ga wasu da ja a tsakiyar ka maimakon ƙeya, waɗannan 'ya'ya ne da suka baro rami, kada ki ce baƙon iri ya sauka.

Malam Mai Tabarau: Hajiya ta gama magana. Bari in ƙara da kunne, don sau da yawa za ki ji shi kafin ki gan shi. Guntun baki yana cewa "pik" a hankali, sai kuma wani jerin kuka mai sauri da ke gangarowa ƙasa a ƙarshe, kamar abin da iska ke fita daga cikinsa. Dogon baki nasa "piik" ne mai kaifi, har ya firgita mutum, jerin nasa kuma a miƙe yake, ba ya sauka. Ƙarshen sanyi za su fara buga itace kamar ganga. Wannan ba neman abinci ba ne, shelar yanki ce da neman abokin zama, mace da namiji duk suna yi. Bugun ƙaramin kunne na iya rarrabe ɗaya-ɗaya, na babban ya fi sauri, sai ya haɗe ya zama "drrr" guda. A nan kam na yarda da Auta, manhajar tana taimakawa wajen koyon kuka.

Autan Zaure: Alhamdu lillahi, yau Malam ya ba ni maki. Abin da ya ba ni mamaki da na karanta, wai su biyun nan ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne, har wasu masana rukuni daban suka sa su a kimiyyance. Wani bincike da masanan Cornell suka fitar a 2019 ya nuna makwakkwafan da ke zaune wuri ɗaya sukan yi kama da juna ko da zumuncinsu da nisa. Hasashen shi ne ƙaramin ya ari rigar babban ne don sauran tsuntsaye su riƙa matsa masa a wurin abinci.

Kawu Mai Littafi: In haka ne ba ni kaɗai ya yaudara ba, na samu sauƙi.

Yaya Na Turai: Ina biye da ku shiru. Mu ma nan muna da irin wannan rigimar, sai dai tamu ta fi sauƙi. Babban mai ɗigo, wanda ya kai santimita 23, yana da manyan fararen faci biyu a kafaɗa da ja a ƙarƙashin wutsiya. Ƙaramin mai ɗigo bai fi gwara ba, bayansa zane-zane ne kamar tsani, babu ja a ƙarƙashin wutsiya ko kaɗan. Inda ake faɗawa rami shi ne ɗan babban, da yake saman kansa ja ne, sai mutum ya yi ta murna ya ga wani iri mai wuyar gani. Shawarata ga Maman Biyu, in za ki sayi madubin hangen nesa ki nemi mai lamba 8x42. Wanda ya fi shi jawowa hannu na rawa da shi, kafin ki saita tsuntsu ya zagaya bayan itace.

Hajiya Mai Lambu: Ki kuma lura da inda yake kiwo in ya bar keji. Wanda kika gani yana reto a siririn reshe ko a karan busasshiyar ciyawa, har ya juya ƙafa sama, guntun baki ne. Babban nauyi ba ya barinsa, gangar itace da manyan rassa yake bi, kuma ya fi tsoron mutane.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna kejin, santimita 14. Gobe da sassafe zan zauna bakin taga.

Maman Biyu: Jama'a ina kwana. Ƙarfe bakwai da kwata wata ta sauka, babu ja a ƙeya, ita da keji kai ɗaya, bakin ɗan mitsitsi, da ta baza wutsiya na ƙirga ɗigo biyu. Tana cikin ci sai na ji "piik" daga saman bishiya, ta yi fir ta koma reshe. Wanda ya sauko wutsiyarsa ta zarce kejin da kusan yatsa huɗu, ga ja a ƙeya, baki kuwa kamar yadda Kawu ya faɗa. Na kira maigida ya zo da kofin shayinsa a hannu ya gan su tare, ita a reshe tana jira, shi a keji.

Autan Zaure: Me ya ce, Anti?

Maman Biyu: Ya ce uwa ce da ɗanta, wai ɗan ne ya fi ta ci.

Malam Mai Tabarau: Ki gaishe shi, ki ce masa ɗan makwakkwafi ba ya barin rami sai ya kusa kai girman iyayensa, kuma ba ya zarce su da rabi. In bai gamsu ba a saka shi a zaure mu ji da shi.

Maman Biyu: Ga lambarsa nan na tura wa shugaba ta gefe. Yanzu haka yana bakin taga da rula a hannu.