Sau uku ina rantsuwa zan bar giya, sau uku ina komawa: ina zan nufa?

Wani bawan Allah, Kaduna:

Assalamu alaikum. Shekara tara ke nan ina shan giya, kuma ban taɓa furta wannan magana a gaban kowa ba. Na fara ne lokacin da aiki ya kai ni wani gari nesa da iyalina, inda abokan aiki ke zama a mashaya bayan an tashi. A wancan lokacin kwalba ɗaya ta ishe ni, yanzu kuwa ta leda nake saya tun da safe in ɓoye a mota, in bi ta da goro da kanumfari don kada a ji wari. Sau uku ina dafa Alƙur'ani cewa na bari. A azumin da ya wuce, ranar biyu ga wata, hannuna ya riƙa karkarwa har kofin kunu ya kife mini a gaban 'ya'yana, na ce musu zazzaɓi ne, kuma a daren na koma. Ina zan nemi taimako ba tare da asirina ya tonu ba? Kuma ya dace in gaya wa uwargida?

Ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah kada ka sake yanke ta lokaci ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Karkarwar nan alama ce cewa jikinka ya riga ya dogara da giya. Ita giya danne ƙwaƙwalwa take yi, ƙwaƙwalwar kuma sai ta ƙara wuta don ta ci gaba da aiki, saboda haka ranar da aka janye giyar kwatsam, wutar nan ba ta da mai tare ta. Karkarwa da gumi da rashin barci sukan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, jijjiga irin ta farfaɗiya tana iya zuwa cikin kwana biyun farko, sannan a kwana na biyu zuwa na huɗu wasu sukan ruɗe su riƙa gane-gane, kuma wannan matakin yana iya kisa idan ba a asibiti ake ba.

Ka je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ko kuma sashen likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, kusa da Zariya, idan kana gudun haɗuwa da idon sani. Ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake sha a rana, kada ka rage, domin da shi zai auna magani. Akan ba da diazepam na 'yan kwanaki ana ragewa a hankali, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, a kuma duba hanta. Kada ka sayi diazepam da kanka a kemis, domin haɗa shi da giya yana iya tsayar da numfashi. Bayan nan akwai magunguna irin su naltrexone masu rage sha'awar. Sirrin marar lafiya kuwa amana ce a wuyan likita.

Almajirin malamai:

Allah Ya yaye maka. Game da rantsuwar, kaffararta tana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 89: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku. Ka fitar da ita, kuma ka daina ƙara wa kanka sabuwar rantsuwa, tunda ka ga ba ta hana hannu karkarwa. Giya haramun ce, babu mai sassauta maka wannan, amma ka tuna da sahabin nan da aka sha kawowa saboda shan giya, wanda Bukhari ya ruwaito cewa da wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa yana son Allah da ManzonSa. Zuwa asibiti ba ya cin karo da tuba, yana cikin riƙo da sababi. Sai dai ina jan kunnen 'yan'uwa a kan kai mutum gidan mari. Kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari da ke Rigasa, Kaduna, a watan Satumba na 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa.

Wanda ya taɓa shiga:

Yaya, ni shekarata huɗu da bari, bayan na faɗi sau biyu. Kwanakin asibiti su ne masu sauƙi a wurina. Wahalar tana ranar da albashi ya shigo, da kuma bayan la'asar, lokacin da ƙafa ke kai mutum inda ta saba tun kafin ya yi shawara. Na sauya hanyar komawa gida, na goge lambobin abokan zama, na kuma damƙa wa matata katin cirar kuɗi na tsawon wata shida, abin da ya yi mini ciwo ƙwarai a matsayina na magidanci.

A kan uwargida, ra'ayina shi ne ka gaya mata, domin da wuya a ce ba ta sani ba. Ranar da na buɗe baki, tawa ta ce shekara biyu tana wanke rigunana tana jin warin, kawaici kawai take yi. Ka kuma samu mutum ɗaya da za ka iya kira da tsakar dare idan sha'awar ta taso. A kan haka aka gina ƙungiyar Alcoholics Anonymous a Amurka a 1935, da mashaya biyu suna tallafar juna, ɗayansu ma likita ne. Idan ka zame bayan ka fara, ka koma wurin likita washegari, kada ka jira wani azumin.

Wani bawan Allah, Kaduna:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na nemi izinin ranar Litinin a wurin aiki, zan je. Maganar uwargida ce har yanzu nake jujjuyawa, amma ina ganin ita ya kamata ta raka ni.