Da wane suna za mu kira labaran Ziyus a ajin adabi?

'Yan uwa malaman adabi da manazarta harshe, ina da wata kalma da ta tsaya mini a wuya tun zangon karatun da ya gabata, kuma ina so in shimfiɗa muku yadda na bi ta da inda na tsaya, domin ku duba ku gyara mini. Kalmar ita ce wadda Turawa suke cewa myth, da kuma 'yar uwarta mitoloji, wato tarin irin waɗannan labarai na wata al'umma.

Abin ya taso ne lokacin da na karanta wa ɗalibaina 'yan shekara 13 zuwa 15 littafin The Lightning Thief na Rick Riordan, marubucin Amurka wanda shi kansa ya daɗe yana koyar da yara kafin littafin ya fito a 2005. Tauraron labarin, Percy Jackson, yaro ne ɗan shekara 12 da ya gano cewa mahaifinsa shi ne Fosidon, wanda Girkawan dā suke bauta wa a matsayin mai mulkin teku, sannan aka zarge shi da sace tsawar Ziyus, shugaban allolin Girkawa. Da Turanci muke karatu, da Hausa nake bayani. A ranar farko na tambayi ajin yadda za mu kira labaran da marubucin ya ɗebo, sai wata yarinya ta ce, "Malam, ai tatsuniya ce." Na karɓa ba tare da dogon tunani ba, kuma sai da muka yi mako biyu kafin na gane ɓarnar da wannan karɓar ta yi mana.

Bahaushe ya san tatsuniya ciki da waje. Ana buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku", ana rufe ta da "ƙurunƙus", kuma daga mai bayarwa har mai sauraro babu wanda ya taɓa zaton Gizo da Ƙoƙi sun rayu. Labaran Girkawa ba haka suka zauna a wurin masu su ba. Mutanen da suka gina wa Atina, abar bautarsu ta hikima da yaƙi, ɗakin bautar Fatenon a birnin Atens a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ba raha suke yi ba, haka ma waɗanda suke taruwa a Olimfiya duk bayan shekara huɗu domin wasannin girmama Ziyus, waɗanda ake lissafin farkonsu daga shekara ta 776 kafin miladiyya. Labarin Dimita, abar bautarsu ta amfanin gona, da 'yarta Fasifoni, wadda mai mulkin lahira ya ɗauke, da shi suke bayyana dalilin da ya sa ƙasa take mutuwa a wani sashe na shekara sannan ta sake tsirowa. Da ɗalibaina suka sa wa wannan duka suna tatsuniya, sai suka riƙa karatu irin na mai jiran darasin ƙarshe, kuma a duk rubutun da suka kawo mini jigon bai wuce "ƙarya ba ta da kyau" ko "a riƙa biyayya ga iyaye" ba. Babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa marubucin ya ɗauke fadar alloli daga dutsen Olimfas na Girka ya ɗora ta a hawa na 600 na ginin Empire State a New York, alhali nazarin littafin daga wannan tambayar yake farawa.

Na gwada almara, wadda na lura masu fassara da yawa suna kamawa. Matsalarta ita ce idan Bahaushe ya ce abu "kamar almara", ya riga ya yanke hukunci cewa hankali ba ya ɗauka, kuma a nazarin adabin baka almara tana da gurbinta na gajeren labari mai wasa ƙwaƙwalwa. Hikaya ta fi karkata ga labarin koyar da hali. Camfi kuwa ba labari ba ne, imani ne da ake faɗa a jimla guda.

Ƙissa ce ta fi kusa ta fuskar ma'ana, domin ita ce kalmarmu ta labarin da yake da alaƙa da addini kuma ake ɗauka da muhimmanci, amma a kunnen Bahaushe ƙissa ta Annabawa ce da salihan bayi, kuma ba zan tsaya gaban yara in haɗa labarin Annabi Yusuf (AS) da na Ziyus a ƙarƙashin suna ɗaya ba. Wani abokin aikina mai koyar da Larabci ya kawo shawarar mu ari usɗura, tunda da ita Larabawan yau suke kiran irin waɗannan labarai. Na yi tunani a kai sosai, sai dai duk yaron da ya yi makarantar allo ya ji jam'inta a cikin Alƙur'ani, inda masu ƙaryata wahayi suke cewa "asaɗirul awwalin", don haka ita ma tana shigowa aji da hukuncinta a hannu, ga shi kuma ba ta zauna a bakin mutane ba.

Inda na tsaya shi ne tarihihi. Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna amfani da wannan kalma ga labarin da yake da ƙamshin tarihi, wanda al'umma take riƙe da shi domin bayyana asalinta, amma ƙari ya shiga cikinsa har ba a iya rabewa, kamar labarin Bayajidda da Daurama da macijin rijiyar Kusugu. Abin da ya ja ni gare ta shi ne ba ta zagin labarin kuma ba ta gaskata shi, tana nuna cewa akwai mutanen da suka riƙe shi da gaske. Abu guda ya rage, wato a bambanta labarin jarumi ɗan Adam da labarin da ababen bauta suke ciki. Da farko na rubuta "tarihihin bauta" a allo, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ni ko maganar bayi za mu shiga, kuma yana da gaskiya, domin kalmar bauta tana da fuska biyu. Don haka na koma tarihihin alloli. Labari guda, kamar na Furomitiyus da ya sato wa mutane wuta, tarihihin alloli ne. Tarin su duka, wanda mawaƙin Girka Homa ya zuba wani sashensa a waƙoƙinsa biyu, mawaƙi Hesiyod kuma ya tsara nasabar allolin wajen shekara ta 700 kafin miladiyya, shi ne tarihihin allolin Girkawa, kuma da haka mitoloji ma ta sami suna ba tare da an ƙirƙiro wata sabuwar kalma ba.

Na san za a ce kalmar alloli tana da nauyi a bakin yaro, kuma wani uba ya riga ya faɗa mini haka cikin mutunci. Amsar da na ba shi ita ce kiran abu da sunan da masu shi suka ba shi ba yarda da shi ba ne, kuma gumaka ba za ta wadatar ba, domin gunki shi ne sassaƙen, alhali Ziyus na cikin labari yana fushi, yana aure, yana yanke hukunci. Wanda ya fi natsuwa da "tarihihin ababen bauta" ba zan yi jayayya da shi ba, tsawonta kawai nake gudu.

Ga abin da sauyin ya haifar a aji. Muka koma babin Medusa, wadda duk wanda ya kalli idonta yake zama dutse. A tarihihin, jarumi Farsiyus ne ya sare kanta yana kallon inuwarta a jikin garkuwa mai sheƙi, kuma a riwayar Obid, mawaƙin Rum, Atina ce ta mayar da gashinta macizai saboda abin da ya faru tsakaninta da Fosidon a ɗakin bauta. A littafin Riordan kuwa Medusa tana da shagon sayar da mutum-mutumin ƙawata lambu a bakin hanya, kuma cikin waɗanda suka faɗa hannunta akwai ɗan Fosidon da Annabeth, 'yar Atina. Na raba allo gida biyu, na rubuta "tarihihin alloli" a dama, "ƙagaggen labari" a hagu, na ce su cika abin da marubucin ya riƙe da abin da ya sauya. Yarinyar nan da ta fara cewa tatsuniya ita ce ta lura cewa 'ya'ya ne suke biyan bashin rigimar iyayensu, kuma ta nuna cewa haka zubin littafin yake tun daga satar tsawar da aka ɗora wa Percy. Wannan shi ne jigon da na yi mako biyu ina nema daga gare su.

Akwai wani abu da ya kamata mai koyarwa ya kiyaye idan ya kai manyan azuzuwa. Kalmar Girkanci da myth ta fito daga gare ta tana nufin zance ko labari, kuma Aristotal, masanin falsafar Girka, a littafinsa na nazarin waƙa da wasan kwaikwayo ya yi amfani da ita da ma'anar yadda aka jera aukuwar labari, wato abin da muke kira zubi. A irin wannan wuri tarihihin alloli ba ta shiga, zubi za a ce.

Ina roƙon malaman da suke koyarwa a Katsina da Sakkwato da Damagaram su gaya mini ko tarihihi tana zama a kunnen ɗalibansu kamar yadda ta zauna a kunnen nawa, musamman waɗanda ba su taɓa jin ta a darasin Hausa ba.