"Ana so ana kaiwa kasuwa": a bakin wa ta dace?

Mai Kabu-kabu na Sabon Gari:
Salamu alaikum jama'a. A warware mini wata magana don Allah. Abokina ya daɗe yana zuwa zance gidan su wata yarinya, kullum sai a turo ƙanenta ya ce tana aiki. Mun ce ya haƙura, shi kuwa amsarsa ɗaya ce: ana so ana kaiwa kasuwa. To duk macen da ta ce a'a, so take tana ɓoyewa?

Dattijon Mokoyo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Maganar daga ciniki ta fito. Mutum ne da akuyarsa da yake ƙauna, ya ja ta zuwa kasuwa yana cewa ya gaji da ita, amma duk wanda ya taya sai ya ce albarka. Da la'asar ya komo gida da abarsa. Baki ya sayar, zuciya ba ta sallama ba. Kuma ba ta mata kaɗai ba ce. Baƙon da aka yi wa bismilla ya ce ya ƙoshi alhali idonsa na kan kwano, shi ma ita ake yi masa. Abin lura, ana faɗin ta ne bayan an ga alamar so ƙarara. Yarinyar da ba ta taɓa leƙo ƙofa ba, ina alamar?

Ɗalibin Jami'a:
Baba ya yi gaskiya, amma in ƙara da abin da masana ke cewa, don jan aji yana da tushe. Tun 1871 Darwin ya lura cewa a dabbobi da yawa namiji ne ke rawar jiki, macen kuma ta tsaya tana zaɓe. A 1972 Robert Trivers ya kawo dalili: wanda ya fi ɗaukar nauyin haihuwa shi ya fi tsantseni wajen zaɓen abokin tarayya. A wajen ɗan Adam lissafin a fili yake. Mace za ta ɗauki ciki wata 9, ta shiga haɗarin naƙuda, ta yi goyo kusan shekara 2. In ta yi kuskuren zaɓe ita ke kwana a ciki, namijin kuwa yana iya kama gabansa. Saboda haka jinkirin budurwa gwaji ne: zai jure ko zai gudu? David Buss ya buga bincike a 1989 kan mutum fiye da 10,000 a al'ummomi 37, har da Najeriya, ya tarar mata sun fi maza duba halin samun wanda za su aura. Amma abin da mutane ba su son ambatawa, maza da mata duka sun sa kirki da hankali gaba da dukiya.

Malamin Zaure:
Kai ɗan lakwal, ka bar mu da Darwin ɗinka. Mu abin da muka sani ya ishe mu a nan. Hadisi ya inganta cewa ba a aurar da budurwa sai an nemi izninta, izninta kuwa shirunta ne, saboda kunya. Amma shiru daban, ƙi daban. Khansa'u bint Khidam mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Annabi (SAW), ya warware auren. Yana cikin Bukhari. Ba a ce mata ana so ana kaiwa kasuwa ba.

Ɗalibin Jami'a:
Allah gafarta Malam, ba jayayya nake ba, a nan ma mun haɗu. Akwai binciken da ya shafi abokin nan kai tsaye. A 1982 wata mai suna Antonia Abbey ta nuna cewa in mace ta yi wa namiji fara'a ta mutunci kawai, maza sun fi mata saurin ɗaukar abin a matsayin sha'awa. A 2000 Martie Haselton da Buss suka ce wannan kuskure ne mai karkata gefe guda: namiji ya gwammace ya zaci ana son sa ya sha kunya, da a ce ana son sa bai gane ba. Mace kuma nata karkatar akasin haka ne, tana yawan shakkar alkawarin namiji ko da gaskiya yake. Ga wurin dariyar: da aka tambayi mazan game da ƴan'uwansu mata, sai zaton nan ya ragu. Ƙanwarka in ta gaida mutum tarbiyya ce, ƙanwar wani in ta gaishe ka so ne.

Inna ta Bagalam:
Ɗan nan ka ba ni dariya. Amma ban yarda duka halitta ba ce. Kunyar nan mu muke koya wa ɗiyanmu tun suna tallan ƙuli-ƙuli. Wadda ta nuna so a fili, gobe ƙawayenta ne za su fara cewa ba ta da aji, uwar miji kuma ta riƙe abin har abada. Ku je wajen Bermo lokacin da Fulani Bararo ke bikinsu na Gerewol. Samari ne ke shafa kwalliya, su jeru suna fiddo fararen haƙora da idanu, budurwa ta taho a gaban jama'a ta nuna wanda ya yi mata. Su ba mata ba ne? Jini ɗaya, al'ada daban.

Ɗalibin Jami'a:
Inna, kin taɓo inda masanan kansu suka yi rigima. Sarah Hrdy ta yi shekaru tana bin wasu birai a dutsen Abu na Indiya, ta ga matan ne da kansu ke neman maza, ta ce zancen mace mai noƙewa kullum maza ne suka rubuta shi. A 1999 kuma Eagly da Wood suka sake duba alƙaluman Buss, suka ga inda mata ke da nasu abin hannu, damuwa da aljihun miji tana raguwa. Sai dai ko a Gerewol ɗin, Inna, wa ke zaɓe? Macen ce dai.

Ungozomar Burja:
Duk kun tsaya a ƙofar gida wajen zance. Ni a ɗakin awo nake jin inda karin maganar nan ke yin ɓarna, wato bayan aure. Sha'awar mace ba a tsaye take wuri ɗaya ba. Ga mai al'adar kwana 28, ƙwai na fita wajen kwana na 14, lokacin sinadarin estrojin ya hau, mata da yawa sun fi jin marmari. Bayan nan firojestaron ya karɓe, abin ya lafa. Mai jego kuwa sinadarin da ke kawo nono, firolaktin, yana danne estrojin, sai ga bushewa da zafi da rashin marmari, ga rashin barci, ga daka, ga ɗaukar ruwa. Irin wannan in ta ce ta gaji, wallahi ta gaji. Sai maigida ya ce ja masa aji take, ita kuma ta ruga sayen kayan mata tana zaton ita ce da aibi, wasu ma su sa abin da zai ƙone su.

Akwai kuma abin da wata likita a Kanada, Rosemary Basson, ta bayyana a 2000: mata da yawa, musamman a auren da ya daɗe, sha'awa ba ta fara zo musu haka kawai, sai ta biyo bayan sakin fuska da hira da kwanciyar rai. Mai kallo daga waje zai ce ai ga shi, da ta ƙi yanzu ta so. Ba ɓoyewa ta yi ba, a lokacin babu shi, daga baya ya zo. Wanda ya shigo da faɗa tun daga zaure ba zai taɓa ganin wannan ba.

Mai Kabu-kabu na Sabon Gari:
Hajiya, to ke nan a daina faɗin ta?

Dattijon Mokoyo:
A'a, ba a kashe karin magana don wani ya ɗauke ta ta wutsiya. Tana da wurinta. Ƙawayen amarya ranar sa lalle, tana kuka suna tsokanar ta, sun san wa ke kiran ta a salula da dare, su suna da ikon faɗi. Kaka ma tana faɗa wa jikarta. Wanda aka ƙi ne ba ya da wannan ikon, don shi ne mai ƙara, ba zai zama alƙali ba.

Inna ta Bagalam:
Malam na Mokoyo, ko kukan amaryar ma a riƙa tambaya. Na ga wadda aka yi wa wannan tsokanar ranar lalle, kowa na dariya, wata biyu ba a cika ba ta yi yaji sau uku, ƙarshe sai gaban alƙali. Ƙawayen ne kaɗai suka san gaskiya, su kuwa ba wanda ya tambaye su.