Ina ake samun emtin kaset mai kyau yanzu?

Abu_Nana: Salamu alaikum jama'a. Baba idonsa ya yi rauni, kuma ya ƙi waya, ya ce rikodarsa kawai hannunsa ya sani. Ina so in ɗaukar masa karatun Alƙur'ani a kaset kafin azumi. Na ga iri biyu: tsohon TDK C90 a ledarsa, da wasu sababbi marasa suna masu araha. Wanne zan saya? Rikodar ba ta da wurin jona waya, sai makirfo.

Sadiq09: Saya masa 'yar rediyo mai memori ka huta.

Abu_Nana: An saya, tana cikin akwati.

Tsohon_Dila: Wa alaikumussalam. Na yi sana'ar kaset a Ƙofar Wambai tun kafin faifan CD ya kashe mana kasuwa. Ɗauki C90, minti 45 kowane gefe, ko C60 mai minti 30. Kada ka kusanci C120, zarensa siriri ne, tsohuwar rikoda taune shi za ta yi. Kuma nomal za ka nema, wanda aka rubuta Type I. Mai kurom, Type II, sai injin da ke da makunninsa, in ba haka ba ɗaukar ba za ta fita daidai ba. Da makirfo kuwa har kukan akuyar maƙwabta zai shiga. Nemi mai dek, wato babban injin ɗaukar kaset, ya jona maka da waya.

Maman_Walida: Ni dai don Allah duk abin da ka ɗauka ka ɓalle ɗan haƙorin nan na saman kaset, don kada a iya ɗaukar wani abu a kai. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, ta daɗe zaune a Makka, kaset take aiko mana da alhazai maimakon wasiƙa. Tana gaida kowa da sunansa, har da kukanta. Guda ɗaya ya rage mana. Ƙanena ya ga babu rubutu a jiki, ya danna jan maɓalli ya ɗauki sharhin ƙwallo a kai. Gefe ɗaya ya tafi kaf, sai sallamarta ta farko. Ɗaya gefen kuma na kai wa wani mai gyara ya juye min a waya, injinsa ya cinye zaren, ya ce wai dama ya ruɓe. Har yau ba na iya bi ta layin shagonsa.

Hajiya_Zinder: Allah ya gafarta mata. Mu ma daga Sudan haka ake aiko mana. Kin ajiye zaren? Ana iya haɗawa.

Maman_Walida: Yana nan a ƙulle cikin leda, Hajiya.

Tsohon_Dila: A yanke inda ya cukurkuɗe, a haɗa da siririn salatif ta bayan zaren. Daƙiƙa kaɗan za ki rasa.

Sadiq09: Baba, salatif na narkewa ya ɓata hed, ƙarfen nan da ke karanta zaren. Akwai na musamman da ake haɗawa da shi, na gani a YouTube.

Tsohon_Dila: Yaro, ka taɓa naɗe kaset da biro?

Ɗan_Kwalisa: Sadiq da ya ga kaset zai tambayi ina ake sa caja 😂

Abu_Nana: Jama'a kuɗin fa? An ce min ₦4,000 guda ɗaya.

Bala_Kaduna: An yanke ka. ₦1,500 na saya bara.

Ɗan_Kwalisa: Naka tsohon kaset ne aka goge aka sake masa leda. Saurara da kyau za ka ji wa'azi can ƙasa-ƙasa.

Bala_Kaduna: Kaset ba shi ne matsala ba ma. Bel ɗin rikodata ya saki, murya na ja kamar mai jin barci. Na zaga masu gyara, kowa ya koma gyaran waya. Ɗaya ya sa min robar ɗaure kuɗi ya karɓi kuɗin bel.

Hajiya_Zinder: Ga tsadar batir. Rikoda shan batir take yi, wuta kuma ba ta zama.

Bala_Kaduna: Ku a Nijar har kuna da bakin magana? Unguwarmu taransifoma tun damina.

Abu_Nana: To TDK ɗin zan saya ko a'a?

Sadiq09: Malam Bala, nawa aka ce ku haɗa na taransifomar?